Yadda Muka Nemi Lambar Yabo ta Hidimar Al'umma, Daga Cike Fom Zuwa Ziyarar Alƙalai

Kamfanoni da yawa suna zaton lambar yabo ta hidimta wa al'umma aba ce da ake aiko wa mutum har ofis saboda an ga alherinsa. Masu daraja a cikinsu ba haka suke zuwa ba. Nema ake yi, da fom, da hujjoji, da tantancewa, wani lokaci har da ziyarar gani da ido. Ni aka ɗora wa alhakin haɗa kundin kamfaninmu, wanda matsakaici ne mai sarrafa kayayyaki, lokacin da wata ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta buɗe gasarta ta shekara. Zan jero matakan kamar yadda suka zo, domin wanda za a ɗora wa irin wannan aiki ya san abin da ke jiransa a kowace gaɓa.

Kafin a taɓa fom, sai da muka tantance ita kanta lambar. Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa alhali kowanne da hanyarsa. Akwai lambar yabo ta gasa, wadda ake ba wanda ya fi sauran masu nema a shekara guda. Akwai takardar shaidar cika ƙa'ida, irin ta B Corp da ƙungiyar B Lab take bayarwa, wadda ba gasa ba ce: a tsarin da aka daɗe ana bi kafin a fitar da sababbin ƙa'idoji a 2025, sai kamfani ya samu aƙalla maki 80 cikin 200 a gwajin da ya shafi shugabanci, ma'aikata, al'umma, muhalli da abokan ciniki, sannan a sake tantance shi duk shekara 3. Sai kuma shiga yarjejeniya, irin Global Compact ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ƙaddamar a 2000 zamanin Kofi Annan, mai ƙa'idoji 10 kan haƙƙin ɗan Adam, ƙwadago, muhalli da yaƙi da cin hanci. Shiga cikinta alkawari ne da kamfani ya ɗauka, ba yabo ne da aka yi masa ba. Wani abin da ya kamata a sani shi ne ISO 26000, wadda hukumar tsara ma'aunai ta duniya (ISO) ta fitar a 2010 kan alhakin kamfanoni da ƙungiyoyi ga al'umma, jagora ce kawai, ba a ba da takardar shaida a kanta. Duk wanda ya zo yana tallar zai samo wa kamfani satifiket na ISO 26000 daga hukumar ISO, a yi hattara da shi. Don gane ko gasa ta gaskiya ce, tambayoyin da muka yi ba su da yawa: an wallafa sunayen alƙalai? An bayyana yadda ake raba maki? Akwai waɗanda suka nema suka faɗi? Idan wasiƙa ta zo tana cewa an riga an zaɓe ku, abin da ya rage ku biya kuɗin kambu da na tebur a liyafa, to ciniki ne aka kawo muku.

Mataki na farko a fom ɗin shi ne na cancanta, kuma nan ne sakatariyar gasar take zubar da kundaye da yawa tun kafin alƙali ya gan su. An nemi takardar rajistar kamfani, shaidar biyan haraji da wa'adinta bai ƙare ba, rahoton kuɗi da odita na waje ya sa wa hannu, da takardar da shugaban kamfani zai sa hannu cewa duk bayanan da ke ciki gaskiya ne. Rukunin da za a shiga kuma ya danganta da yawan ma'aikata ko cinikin shekara, kuma ya kamata a karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan wannan sashe da kyau, domin wasu masu shirya gasa suna ƙirga ma'aikatan wucin gadi, wasu kuma suna haɗa kamfani da uwar kamfaninsa. Kamfanin da ya sa kansa cikin ƙanana alhali reshe ne na babba, fitar da shi ake yi ba tare da an mayar masa da kuɗin shiga ba. Takardar haraji ce ta fi cin lokaci a wurinmu, ba don wata matsala ba sai don ofis ne da ba ya hannunmu, kuma ba ya tafiya da wa'adin gasar kowa. Wanda zai nema ya fara da takardun da wani ne zai ba shi, ya bar waɗanda zai rubuta da kansa zuwa baya.

Daga nan sai zaman da ya fi kowanne zafi, wato zaɓen aikin da za a gabatar. Muna da ayyuka biyu. Ɗaya babbar gudummawa ce ta kayan aiki da aka kai wa wasu makarantu, an kashe kuɗi sosai, an yi taro, jaridu sun ɗauka. Ɗayan kuma ƙaramin shiri ne na koya wa matasa gyaran injina a cikin masana'antarmu, wanda wasu injiniyoyi suke gudanarwa ba tare da hayaniya ba. Shugabanni na farkon suke so, kuma dalilinsu a fili yake. Sai dai da muka ɗora kowanne a kan takardar rabon maki, bambancin ya fito. Kaso mafi tsoka na makin yana kan sauyin da aikin ya kawo da hujjar da ke tabbatar da shi, sai ɗorewa, sai shigar masu cin gajiya cikin tsara aikin. Yawan kuɗin da aka kashe kaso kaɗan yake da shi. A kan kayan makarantu abin da muke da shi rasidai ne da hotunan ranar miƙawa, babu wanda ya koma ya ga ko ana amfani da su. A kan horon matasa kuwa akwai rajistar zuwa ta kullum, da sakamakon gwajin shiga da na fita, da lambobin wayar waɗanda suka gama, domin injiniya ba ya barin abu bai rubuta ba. Manajan darakta ya dubi takardun biyu ya ce, "To Malam, ka tafi da wanda za ka iya karewa a gaban mutane." Da wannan aka tashi.

Ofishin akanta shi ne zango na gaba, kuma a nan na fi son mai karatu ya natsu, domin nan ake yawan kumbura lissafi ba da niyya ba. Fom ɗin ya bi tsarin da ƙungiyar London Benchmarking Group ta kafa tun 1994, wanda yanzu ake kira B4SI. Tsarin yana raba abin da kamfani ya bayar gida huɗu: tsabar kuɗi, lokacin ma'aikata, kaya, da kuɗin gudanar da shirin. Tsabar kuɗi ba ta da wuya, rasidi da bayanan banki sun wadatar. Lokacin ma'aikata kuwa, wanda aka bayar a cikin lokacin aiki da kamfani ke biyan albashinsa kawai ake ƙirgawa. A ce ma'aikata 20 sun ba da awa 5 kowanne a ranar aiki, awa 100 ke nan, sai a ninka da abin da awa ɗaya ta ma'aikaci take tsaya wa kamfani. Idan a ranar hutunsu suka je don ra'ayin kansu, alherinsu ne, ba na kamfani ba, kuma wurinsa daban ne a fom. Kaya ana lissafa su ne a kan abin da suka tsaya wa kamfani, ba a kan farashin da ake sayar da su a kanti ba, kuma wannan kaɗai yana iya rage adadin da aka saba faɗa a jawabi ƙwarai. Kuɗin da ma'aikata suka tara daga aljihunsu ko wanda abokan ciniki suka bayar, ana rubuta shi a matsayin abin da kamfani ya jawo, ba abin da ya bayar ba. Kuɗin talla, da allunan sanarwa, da na ɗaukar bidiyo, ba sa shiga ko kaɗan. Haka nan abin da doka ta wajabta, kamar gyara ɓarnar da masana'anta ta yi ko sharaɗin da ke cikin lasisi, ba a gabatar da shi a matsayin kyauta. A wasu ƙasashe ma doka ce ta ɗora ciyarwar: a Indiya, sashe na 135 na dokar kamfanoni ta 2013 ya wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribarsu ta shekara 3 da suka gabata a kan ayyukan al'umma. Shi ya sa fom yake tambaya ƙarara: wanne ne na dole, wanne ne na ganin dama. Da akanta ta gama tacewa, adadinmu ya yi ƙasa da wanda sashen hulɗa da jama'a ya saba ambata, kuma an ɗan yi ɓacin rai a kan haka. Amma kowane layi yana da takardar da ke bayansa, kuma daga baya wannan ne ya cece mu.

Sashen sakamako ya fi kowanne wahala. Alƙalai suna bambanta abu uku: abin da aka zuba, abin da aka yi da shi, da abin da ya sauya. Kuɗi da awoyi su ne abin da aka zuba. Yawan matasan da aka horar da yawan darussan da aka yi su ne abin da aka yi. Abin da ya sauya kuwa shi ne mutum nawa suka samu aiki ko suka buɗe wurin gyara, kuma suna nan a kai bayan watanni. Kundaye da yawa a na biyu suke tsayawa, su rubuta cewa shirin ya amfani dubban mutane, alhali an haɗa har da iyalan mahalarta da duk wanda ya zo kallon taro. Mu sai muka ɗauki rajistar waɗanda suka gama muka bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya, da tambayoyi iri ɗaya ga kowa: me kake yi yanzu, tun yaushe, kana amfani da abin da ka koya, me kake yi kafin ka shiga. Wasu lambobin sun daina shiga, wasu mutanen sun ƙaura. Waɗanda ba mu samu ba mun rubuta su a matsayin ba a samu ba, ba mu ɗauka sun yi nasara ba. Wannan muhimmi ne wajen fitar da kaso. A ce mutum 60 suka gama, aka samu 40 a waya, 30 cikinsu suna aiki. Mai son kai zai rubuta kashi 75 cikin 100 ya yi shiru. Abin da ya dace shi ne a rubuta 30 cikin 40 da aka samu, daga cikin 60 da suka gama, a bar alƙali ya yi nasa hukuncin. Sannan duk wanda za a sa sunansa, hotonsa ko labarinsa a kundi, sai ya sa hannu a takardar amincewa da ta faɗi inda za a yi amfani da su. Idan yara ne, iyaye ko masu kula da su ne za su sa hannu. Masu shirya gasar sun ce duk hoton da ba shi da wannan takarda cire shi za su yi.

Rubuta fom ɗin kansa ya fi sauƙi idan hujjoji sun kammala. Kowace tambaya tana da iyakar kalmomi, kuma shafin intanet ɗin yana yanke rubutu da zarar an wuce, ba gargaɗi. Dabarar ita ce a rubuta amsoshi a wani fayil daban, a ƙirga, sannan a kwafa. Kowace da'awa mun sa mata lambar takardar da ke tabbatar da ita, muka jera takardun a ƙarshe da lambobi iri ɗaya, don kada alƙali ya yi ta lalube. Akwai wurin da ake tambayar wanne ne cikin muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 aikin ya shafa. Ana jarabtuwa a zaɓi goma don kundi ya yi kyan gani. Biyu muka zaɓa, na 4 kan ilimi mai inganci da na 8 kan aiki mai mutunci, domin su kaɗai muke da alƙaluma a kansu. An kuma nemi wasiƙun shaida daga waɗanda ba ma'aikatanmu ba. Wasiƙar da kamfani ya rubuta ya kai wa mutum ya sa hannu ana gane ta daga layin farko, musamman idan uku suka zo da jimloli iri ɗaya. Gara wasiƙa gajera da mai ita ya rubuta da kalmominsa, ya faɗi abin da ya gani da ranar da ya gani.

Akwai wata tambaya kusa da ƙarshe da ta sa aka kira lauyan kamfani: ko a 'yan shekarun nan an ci kamfani tara, ko an kai shi ƙara kan muhalli, ma'aikata ko masu saye, ko an samu mummunan haɗari a wurin aiki. Muna da wani ƙorafi da maƙwabtan masana'anta suka taɓa yi kan ƙarar injina da dare, wanda aka warware ta hanyar sauya lokutan aiki da sa abin rage ƙara. Wasu sun so a bar shi tunda ya wuce. Mun rubuta shi, da abin da aka yi, da takardar zaman sulhun. Ma'aunin bayar da rahoto na GRI, wanda alƙalai da yawa suka saba da shi, a lamba 413 da ta shafi al'ummomin da ke kusa da wurin aiki, yana neman a bayyana illar da ayyukan kamfani ke yi musu, ba alherin kaɗai ba. Alƙalai suna bincike da kansu, kuma abin da suka tono wanda ba a faɗa ba ya fi abin da aka faɗa illa nesa ba kusa ba.

Mun tura kundin kafin ranar rufewa, domin a ranar ƙarshe shafi yana cunkushewa kuma manyan fayiloli suna ƙin hawa. Saƙon imel na tabbatar da karɓa ya zo da lambar kundi, wadda ya kamata a adana domin da ita ake duk wata magana daga baya. Sai jira. Makonni suka yi ta wucewa ba labari, shugabanni suna tambaya a kowane taro, ni kuma ba ni da amsa. Shirun ba alamar komai ba ne, lokacin ne sakatariya take duba cancanta sannan ta raba kundaye ga alƙalai, kowanne ya ba da maki shi kaɗai kafin su haɗu. Saƙon da ya biyo baya tambayoyi ne, da wa'adin 'yan kwanaki: a turo ainihin rajistar zuwa, a bayyana yadda aka fitar da kuɗin awa ɗaya ta ma'aikaci, a faɗi wanda zai ci gaba da ɗaukar nauyin shirin shekara mai zuwa. Wanda bai sa ido a akwatin imel ɗin da ya bayar a fom ba, a nan yake faɗuwa ba tare da ya sani ba.

Da muka shiga zagayen ƙarshe, aka sanar da mu ranar ziyara. Mutum biyu suka zo, alƙali ɗaya da ma'aikaciyar sakatariya. Mun shirya jawabi da hotuna a majigi, suka ce a bar shi, sun riga sun karanta. Rajista suka nema, suka zaɓi sunaye da kansu daga tsakiya, suka kira su a gabanmu. Suka nemi ganin matasan da ke cikin horo a lokacin, kuma suka roƙi duk wani manaja ya fita daga ɗakin. Tsayuwar da na yi a baranda ina jiran su gama ita ce mafi nauyi a duk aikin, domin ba abin da ya rage a hannuna. Daga baya suka zauna da akanta suka ɗauki layi uku daga lissafi suka bi kowanne har zuwa rasidinsa. Alƙalin ya tambayi injiniyan da ke jagorantar horon, "Injiniya, wane ne ya tsara abin da ake koyarwa, ku ko su?" Amsar da ya bayar, cewa an ƙara darasin gyaran janareta ne saboda rukunin farko sun ce shi ne aikin da ake nema a waje, na ga an rubuta ta. Kada a tara mutane a koya musu abin da za su faɗa, kada a yi fenti dare ɗaya. Masu ziyara sun ga irin wannan sau da yawa, kuma suna rubuta shi a rahoto.

Ganawa da cikakken kwamitin alƙalai gajera ce, 'yan mintuna na gabatarwa sannan tambayoyi. Mun tafi mu uku: darakta ɗaya, injiniyan horo, da ni. Zuwan darakta yana da amfani, domin tambaya ta farko ita ce ko hukumar gudanarwar kamfani tana duba shirin, kuma ko yana da kasafi na kansa ko kuwa sai an samu rarar kuɗi. Suka tambayi abin da bai yi aiki ba. Muka faɗi cewa mata kaɗan ne suka nema a rukunin farko, da abin da aka sauya a hanyar sanarwa da lokutan darasi. Suka tambayi ribar da kamfani yake samu, muka ce muna ɗaukar wasu daga cikin waɗanda suka gama, wanda ya rage mana wahalar neman ƙwararru. Ba laifi ba ne kamfani ya amfana. Hasali ma alƙalai sun fi yarda da ɗorewar shirin da kamfani yake da buƙatarsa, domin shi ne ba a fara yankewa idan ciniki ya ja baya.

Batun kashe kuɗi kuwa, kuɗin shiga shi ne mafi ƙanƙanta. Abin da ya fi ci shi ne lokacin ma'aikata, musamman akanta da masu bin sawun mahalarta, sai kuɗin waya da zirga-zirga, sai tikitin liyafar bayar da lambobi, wanda daban ake biya kuma ya kamata a tambaya tun farko ko halarta sharaɗi ce. Wasu manyan gasanni suna son wani kamfanin bincike na waje ya tabbatar da alƙaluman, bisa ma'auni irin ISAE 3000 ko AA1000, kuma wannan yana iya fin duk sauran kuɗaɗen idan aka haɗa su. Tamu ba ta nema ba. A daren liyafa aka kira sunanmu a rukunin matsakaitan kamfanoni, kuma abin da aka karanta a matsayin dalili shi ne ingancin bayanai da bin sawun waɗanda aka horar.

Abin da zan gaya wa mai shirin nema bai wuce abin da matakan nan suka nuna ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: kundin da ya ci gasa tun ranar da aka fara aikin ake haɗa shi, da rajista, da gwajin farko da zai nuna inda mutane suke kafin a taɓa su, da takardun amincewa, da lissafin awoyi wata-wata. Bayanin halin da ake ciki kafin aiki ba ya samuwa daga baya, kuma in babu shi ba yadda za a nuna sauyi. A karanta takardar rabon maki kafin a zaɓi aiki. A bar akanta ta fitar da alƙaluma, ba sashen talla ba. A nemi rahoton alƙalai ko an ci ko an faɗi, domin masu shirya gasa da yawa suna bayarwa idan an tambaya. Namu ya nuna rauni biyu: ba mu da hanyar da mahalarta za su kai ƙorafi ba tare da sun bi ta hannun mai koyar da su ba, kuma bin sawunmu ya tsaya a zagaye ɗaya.

Bayan liyafa akwai sauran takarda ɗaya da ake sa wa hannu, ta amfani da tambarin lambar. Tamu ta ce dole a riƙa haɗa tambarin da shekarar da aka ci da sunan rukunin, ba a sa shi a jikin kayan sayarwa kamar shaidar inganci, kuma masu gasar suna da ikon janye lambar idan aka gano bayanin ƙarya ko wani babban laifi ya bayyana. Kwafin wannan takarda ya kamata ya isa sashen talla kafin su aika komai wurin bugawa.